Direba, Kada Ka Yarda a Cire Maka Sitabilaiza

Direbobin da ke jigilar fasinja da hatsi a hanyar Kano zuwa Ɗambatta da Kazaure, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, sun san ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da ke tashi daga ƙarƙashin mota in an faɗa rami. Sau da yawa sitabilaiza ce robobinta suka cinye. Wani bakaniken sai ya ce a cire ta a huta. Wannan shawara tana iya jawo asarar rai.

Sitabilaiza sandar ƙarfe ce da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu. In mota ta shiga kwana, nauyinta yakan rinjaya gefe guda, sai sandar ta murɗe ta hana ta kwantawa. Kamfani ya auna ƙarfin ta gaba da na ta baya don su daidaita. In gaba ya fi ƙarfi, mota takan ƙi shan kwana ta miƙe. In baya ya fi, sai bayan ya watsa, ta juya da direba. Na biyun ya fi haɗari, don kafin a gyara sitiyari an bar titi.

Saboda haka ba kowace mota ke buƙatar sanda ta daban a baya ba. Golf 3, alal misali, ƙarfen da ke riƙe da tayoyinta na baya shi kansa yana murɗewa ya yi wannan aiki. Wanda ya sa aka yi masa walda don ya ɗauki lodi, ko ya ƙara sanda mai kauri, ya ɓata ma'aunin. Haka wanda ya cire ta gaba.

Lodi kuma yana ƙara tsananta lamarin. Buhunan gero da gyaɗa a saman mota ranar kasuwa suna ɗaga nauyi sama. Akuya ko ɗan acaɓa ya gitta daga gona, direba ya kauce da sauri, sai mota ta kife.

In ka ji ƙara, a duba robobi da ƙananan sandunan da ke riƙe sitabilaiza, a saya irin na motar a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano a canza. A duba shokozoba da iskar taya. Kaya masu nauyi a ƙasa, kuma a rage gudu tun kafin kwana. Fasinja ma, in kun ji mota tana tangaɗi, ku yi magana ko ku sauka.