Na'ura Mai Saita Kanta Ko Gwanin Daino: Wa Ya Fi Sanin Cikin Babur?

Duk bakaniken da ya saba da Boxer ko Jincheng ya san yadda ake saita kaburato: a juya sukurin iska, a kasa kunne ga inji, a kwance filogi a duba kansa. In ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta rinjaya. Manyan baburan zamani sun bar wannan hanya. Kawasaki ta fitar da babur mai injekta tun 1980, Harley-Davidson ta yi bankwana da kaburato daga 2007, sannan dokar hayaƙi ta BS6 da Indiya ta fara aiki da ita a Afrilun 2020 ta tura yawancin ƙananan baburan da ake sayarwa a can zuwa injekta. A irin wannan babur, wata 'yar kwamfuta ce ke yanke yawan man da za a fesa, tana duba wani jadawali da aka zuba mata. Gefe ɗaya na jadawalin juyin inji ne a minti, ɗaya gefen kuma iyakar yadda aka murɗa totur. Kowane gida a ciki, kuma gidajen kan kai ɗaruruwa, yana faɗa wa injekta tsawon lokacin da za ta buɗe. Wannan jadawali shi ake kira taswirar mai.

Fetur yana ƙonewa tas ne idan nauyin iska ya ninka nasa sau 14.7. Amma inji ba a nan yake ba da iyakar ƙarfinsa ba. Ya fi ja idan an ɗan ƙara mai, wajen 12.5 zuwa 13, kuma ƙarin man yana sanyaya cikin silinda. Kamfani kan tsuke mai a wasu gidajen taswirar don ya cika sharuɗɗan hayaƙi. Da zarar mai babur ya cire salansar asali ya sa mai buɗaɗɗen baki, ya canja filtar iska, numfashin injin ya sauya, taswirar kuma tana nan kan tsohon lissafi. Daga nan hanya ta rabu biyu: ko a sayi na'ura mai saita kanta, ko a kai babur wurin gwani mai daino.

Na'urar mai saita kanta ba yaudara ba ce. Dynojet na sayar da Auto Tune da ake haɗawa da na'urar Power Commander, mai aiki da sensa a jikin salansa wadda ke auna iskar da ta rage cikin hayaƙi. Vance & Hines kuma ta fitar da Fuelpak FP3 don baburan Harley, wadda ke amfani da sensar da ta zo da babur. Mai babur yana tuƙinsa, na'ura tana kwatanta abin da ta shinshina da adadin da aka ce ta cimma, tana ƙara mai a nan, tana ragewa a can. Sai dai a lura: adadin da aka ce ta cimma, mutum ne ya rubuta shi. In an rubuta 13.8 a gidan da injin ke son 13.0, za ta kai shi 13.8 daidai wa daida, ta kuma nuna cewa aiki ya yi kyau. Hayaƙi kaɗai take aunawa. Ba ta san ko tayar baya ta ƙara ƙarfi ko ta rage ba, alhali don wannan aka kashe kuɗin tun farko. A ganina nan ne duk gardamar ta tsaya.

Daino kuwa ƙarfin kansa take aunawa. Ana hawar da babur, a ɗaure shi da igiyoyi, tayar baya a kan wata ƙatuwar gangar ƙarfe, fanka tana hura masa iska ta gaba. A daino mai birki, gwani na iya riƙe inji cak a juyi 4,000, ya buɗe totur kashi 20 cikin ɗari, ya ƙara mai kaɗan yana kallon allo: ƙarfi ya hau ko ya sauka? Sai ya matsa gida na gaba. A kan titi ba a iya wannan, domin babur ba ya zama a gida ɗaya. Kafin sensa ta gama karatu, juyin inji ya wuce. Akwai kuma gidajen da tuƙin yau da kullum ba ya taɓa shiga, kamar totur a buɗe gaba ɗaya a babbar giya, kuma a can ne ƙarancin mai ke iya huda fistin. Wanda ya ce zai cike waɗannan gidaje a kan babban titi, da ransa yake caca. Ga kuma lokacin da filogi ke ba da wuta, wanda ke da tasa taswirar daban. Sensar hayaƙi ba ta da ta cewa a kansa, ga shi wani lokacin ƙarfin da ake nema yana can.

Har ma abin da sensar ke gani ba kullum yake gaskiya ba. In mahaɗar salansa na yoyo, iskar waje kan shiga, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, na'ura ta yi ta ƙara mai har filogi ya yi baƙi. Gajeriyar salansa kan zuƙo iska ta baya idan inji na tafiya a hankali. Babura da dama kuma, musamman na Japan, suna da bututun da ke tura iska cikin salansa don ƙone ragowar mai, wanda in ba a toshe shi lokacin awo ba zai ɓata lissafin duka. Gwani in ya ga adadi ya yi wani banbaraƙwai, sai ya ajiye kwamfuta ya je neman inda ke yoyo. Na'ura yarda kawai take yi.

Masu goyon bayan na'urar suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Suna cewa ɗakin daino ba titi ba ne: an saita babur rana ɗaya, a yanayi ɗaya, alhali mai shi zai bi zafin Sakkwato ya kuma hau tudun Jos, inda iska ta fi sauƙi saboda tsayin da ya kai wajen mita 1,200. Amsar ita ce kwamfutar babur tana da sensar zafin iska da ta nauyinta, kuma tana gyara lissafi da kanta a kan kowace taswira. Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi: ba kowane mai daino ne gwani ba. Akwai wanda zai buɗe totur ƙarshe sau uku, ya buga takarda mai lanƙwasa mai kyau, ya karɓi kuɗi, bai taɓa ƙananan gidajen da mutum ke tuƙi a cikinsu kullum ba. A gaban irin wannan, na'ura mai saita kanta ta fi shi nesa ba kusa ba. Haka wanda ke zaune inda babu daino ko kusa, in ya sami taswirar da aka yi wa irin babur ɗinsa da irin salansarsa, ya bar na'ura ta goge 'yan kurakurai, ya kuma ƙayyade mata iyakar da ba za ta wuce ba, ya yi abin da hankali zai ɗauka. Amma ita wannan taswirar ta farko, wani ne ya zauna a gaban daino ya fitar da ita.

Saura maganar doka, wadda ta fi zafi a Amurka da Turai. A 2016 Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 ga hukumomin Amurka saboda sayar da na'urorin sauya taswira kusan 340,000 da ke ƙara gurɓata iska. Ko ban da doka, babur ɗin da ba a taɓa salansarsa ko filtarsa ba, da wuya ya buƙaci ko ɗaya cikin hanyoyin biyu, domin injiniyoyin kamfani sun riga sun bar rata saboda zafi da mai maras kyau. Wanda ke shan mai a hannun 'yan bumburutu ya kamata ya tambayi mai saita masa babur nawa zai ci daga cikin wannan ratar, musamman a taswirar wuta, kafin ya yarda a taɓa ta.