FASHIN BAƘI: Shin neman rancen NELFUND na buɗe wa ɗalibi ƙofar tallafin karatu na cancanta?

Tun da aka buɗe shafin neman rancen karatu na NELFUND a ranar 24 ga Mayu, 2024, wata fahimta ta bazu tsakanin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da takwarorinsu na Jami'ar Sufuri: wai wanda ya cike fom ɗin rance ya shiga jerin masu jiran tallafin gwamnati ke nan. Ba haka abin yake ba.

NELFUND bashi ne. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Afrilun 2024 ta soke sharuɗɗan dokar 2023, wadda ta buƙaci masu tsaya wa ɗalibi guda biyu, ta kuma hana rancen ga ɗan gidan da kuɗin shigarsa ya haura naira 500,000 a shekara. Yanzu abin da ake nema shi ne gurbin karatu a makarantar gwamnati, lambar JAMB, NIN da BVN. Ba a tambayar maki. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, sannan ɗalibi na iya neman naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da dama a wannan yanki, amma biya dole ne: shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima, za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Tallafin cancanta kuwa kyauta ne, kuma da sakamako ake cin sa. Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya tana neman ɗalibin jami'a ya kai aji biyu da maki akalla 4.0 cikin 5, ya kuma zauna jarrabawar kwamfuta. Ita ba ta ɗauko sunaye daga rumbun NELFUND. Fom ɗinta daban, lokacinta daban. A Amurka akwai jami'o'in da ba sa duba ɗalibi don kyautar cancanta sai ya cike fom ɗin neman agaji na FAFSA. Tsarin Najeriya bai ɗaure biyun haka ba.

Akwai hanya ta uku da ake yawan cakuɗawa da waɗannan: alawus na Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Katsina. Ginshiƙinsa zama ɗan jiha. Ɗalibi daga Baure, Zango, Sandamu, Mai'adua ko Daura zai nuna takardar shaidar ƙaramar hukumarsa da ta makarantarsa. Wannan ma ya sha bamban da zaɓen da gwamnatin Dikko Radda ta yi na ɗaliban da ta tura Masar karatun likitanci da kuma China, inda jarrabawa ta yi alƙalanci.

To ina suke haɗuwa? A layin nan na fom da ke tambaya ko mai nema yana cin gajiyar wani tallafi. Masu bayar da kyauta da yawa, musamman kamfanonin man fetur, ba sa yarda ɗalibi ya riƙe kyauta biyu. A ganina a nan ne hukumomi suka gaza, domin ba su yi wa ɗalibi bayani da harshen da zai gane ba, sun bar shi da jita-jitar WhatsApp. Wanda ke da ɗaya yana neman ɗayan, ya karanta sharaɗin kowane ɓangare, ya faɗi gaskiya a fom. Bayanin ƙarya kan jawo soke kyautar baki ɗaya.

Sai batun biya sau biyu. A 2025 ɗalibai a sassan ƙasar nan sun koka cewa sun biya kuɗin makaranta da kansu, NELFUND ma ta biya, amma makarantun suka yi jinkirin mayar musu da nasu, har hukumar ICPC ta shiga maganar. Ɗalibin da ya samu kyautar da ta ɗauke masa kuɗin makaranta, kuma ya bar rancen na tafiya, zai fita da bashin da bai buƙata ba. Rancen zangon karatu ɗaya ake nema, ana sabuntawa. Wanda kyauta ta same shi yana da damar ƙin sabuntawa a shekara mai zuwa.