Dajin Maya: Inda Ƙauyawa Ke Tsaron Itatuwa

A arewacin ƙasar Gwatemala, cikin nahiyar Amurka, akwai babban daji da gwamnati ta keɓe a 1990. Faɗinsa ya zarce hekta miliyan 2. Akwai damisa da birai da aku.

Cikinsa kufan Tikal yake, birnin Mayawa mai dogayen gine-ginen dutse. Ya watse wajen shekara ta 900. Masana sun ce fari da saran itace na cikin dalilai.

Yau wasu attajirai na ƙone dajin don kiwon shanu. Amma an damƙa ma wasu ƙauyuka yanki har shekara 25. Suna sara bisa ƙa'ida, suna saidawa, suna gadi. Gobara ta yi ƙaranci wajensu.

Jama'a, mai ci daga daji shi ya fi tsaronsa.