Shanyewar Ɓarin Jiki: Gashi A Gida Ya Fi Araha, Amma Wa Ke Biyan Cikon?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san cewa ranar da aka sallamo shi daga asibiti, ranar ce aikin ke somawa. Likita zai rubuta maganin hawan jini, ya ce a riƙa kawo shi sashen gashin ƙashi sau biyu ko uku a mako. 'Yan uwa su ce to. Makon farko a zo, na biyu a zo, kafin wata ya zagayo ƙafa ta ɗauke. Wasu kan kira wannan sakaci. Ni kuwa lissafi nake gani a ciki.

Bari mu yi lissafin tare, ya mai karatu. Mutumin da ɓarin jikinsa ya mutu ba ya shiga motar haya a matse shi, sai an ɗauki shatar a-daidaita-sahu zuwa da komowa. Sai majiya ƙarfi biyu sun ciccibe shi, kowannensu kuma ya rufe shago ko ya bar wurin aiki na wuni guda. Ga kuɗin kati, ga kuɗin gashin, ga zaman layi. Wannan fa ga mazaunin birnin Kano ke nan, wanda Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano da na Ƙashi na Dala ke kusa da shi. To, ina ga mutumin Doguwa ko Sumaila? Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, alhali fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye.

Abin takaicin shi ne, watannin da ake daina zuwan su ne mafiya tsada ga majinyaci. A cikin wata uku zuwa shida na farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sababbin hanyoyin sarrafa hannu da ƙafa, kuma da maimaita motsi take koyo. In aka bar mutum kwance, gaɓoɓi su sandare, kafaɗa ta kama ciwo, gyambon kwanciya ya ɓullo.

Shi ya sa masana suka daɗe suna tambaya: me zai hana mai gashin ya bi majinyaci gida? An gwada. A 2017 an tattara sakamakon gwaje-gwaje 17 da suka ƙunshi mutum sama da 2,400, galibinsu a Turai, inda ake sallamar majinyaci da wuri, ayarin ƙwararru su ci gaba da aiki da shi a gidansa. An samu ragin kusan kwana 6 a zaman asibiti, sannan cikin kowane mutum 100 an rage kamar 5 daga waɗanda da sun rasu ko sun zauna sai an yi musu komai. A nan gida ma, wani bincike daga Ibadan da aka wallafa a 2014 ya kwatanta masu gashi a ƙaramin asibitin unguwa da waɗanda ake bi gida, aka tarar duka ɓangarorin sun samu sauƙi, babu wanda ya yi wa wani fintinkau.

Dalilin bai yi mini nisa ba. A asibiti kan gado mai tsawo ake koya wa mutum tashi, ya kama sandunan ƙarfe ya yi tattaki a daɓe mai santsi. A gida kuwa daga tabarma zai tashi, dokin ƙofa zai tsallake, a bayan gida zai tsuguna, buta zai riƙe ya yi alwala. Mai gashin da ya shigo tsakar gida ya ga waɗannan da idonsa, a kansu zai gina horon.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar, kuma nan nake so masu tsara kasafi su tsaya. A ƙasar Indiya an yi wani babban gwaji mai suna ATTEND, da majinyata 1,250 a asibitoci 14, aka wallafa shi a mujallar Lancet a 2017. An koya wa wani daga cikin iyali yadda zai riƙa yi wa majinyaci gashi, aka ɗan bibiye shi, sannan aka bar masa aikin. Bayan wata shida, kusan kashi 47 cikin 100 sun rasu ko suna dogare da wasu, a cikin waɗanda aka horar da danginsu da waɗanda ba a horar ba, duk kanwar ja ce. Wato abin da ya yi aiki a Turai ƙwararre ne da ke zuwa gida a kai a kai, kuma ya fi amfanar waɗanda ciwon bai yi wa mummunan kamu ba. Wanda haɗiya ke gagararsa ko hankalinsa bai dawo ba, gadon asibiti ne wurinsa tukuna.

Tsorona shi ne kada a ji kalmar araha a fake da ita, a sallami mutum a ce iyali su ƙarasa. Kuɗin da asibiti ya tsimi bai ɓace ba, kan wata ya koma. Matar da ta ajiye sana'ar ƙosai ko ɗinki don juya miji, da yarinyar da aka tsayar daga makaranta don ta riƙa zubar da fo, su ke biyan cikon, kuma ba na jin akwai takardar kasafin da sunansu ya taɓa shiga. A yau mai hali kan ɗauko mai gashi ya biya shi ya zo gida. Talaka sai man zafi da tofi.

Abin da nake ganin ya dace da ƙarfinmu shi ne a saukar da aikin zuwa asibitocin matakin farko na mazaɓu. A horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, ƙwararren mai gashi daga babban asibitin ƙaramar hukuma ya tsara wa kowane majinyaci horonsa, ya riƙa leƙawa da kansa, a tsakani kuma a tura masa bidiyo ta waya ya gyara. Jami'ar Bayero na yaye masu wannan ilimi, abin da ya rage a ɗauke su aiki kafin Ingila ko Saudiyya su ɗauke su. Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a 2023 cewa a sanya irin wannan kulawa cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko, ga kuma dokar inshorar lafiya ta 2022. Ya kamata hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su riƙa biyan ziyarar gida yadda suke biyan magani.

Ma'aikacin da zai je kuwa, a haɗa shi da babur da mai da na'urar awon jini. Binciken SIREN da aka yi a Gana da Nijeriya, har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan tara cikin goma na wannan ciwo a wurinmu na da nasaba da hawan jini, kuma wanda ya kamu sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu muddin ya yar da maganinsa. A fara da ƙananan hukumomi biyu, ɗaya a birni ɗaya a karkara, a rubuta kowace naira da gwamnati ta kashe, a rubuta kuma kowane wuni da mai jinya ta rasa.