"An Yi Mata Aiki": Maganar da ke Hana Mata Shirin Tiyatar Haihuwa

Idan mace ta haihu yadda aka saba, Bahaushe cewa yake yi "ta sauka" ko "ta haihu da kanta". Idan kuwa likita ne ya ciro jaririn, sai a sassauta murya a ce "an yi mata aiki". A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya ɗauki hankalina shi ne inda matar take tsayawa a kowace jimla. A ta farko ita ce aikau. A ta biyu ta koma wadda aka yi wa, kalmar haihuwa ma ta ɓace, sai ka ce wata taran da ta yi tana dakon ciki ba a bakin komai suke ba. Ra'ayina shi ne wannan lafazi yana cikin abubuwan da ke sa mata, har da masu ilimi, su ɓoye ranar da likita ya sa musu, ko su ƙi komawa asibiti.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya aka yi ta hanyar tiyata, alhali tun 1985 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ambaci kashi 10 zuwa 15. Saboda haka damuwarmu ba irin ta Brazil ba ce, inda tiyatar ta haura rabi. Tamu ita ce doguwar naƙuda a ɗaki, da yoyon fitsarin da ke biyo bayanta. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar yi wa mata marasa galihu wannan tiyata kyauta. To amma gwamnati kuɗi kaɗai za ta iya yafewa, ba gorin dangin miji ba.

Likita yakan tsara tiyata tun kafin naƙuda ne idan mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko an riga an yi wa uwar sau biyu ko fiye. Galibi ana sa rana a mako na 39. Kafin ranar za a auna yawan jininta da rukuninsa, kuma nan ne aikin maigida yake: ya nemo masu ba da jini tun da wuri, ya kuma tsaya kusa, domin a asibitocinmu da yawa akan jira sa hannunsa. Za a ce ta dakatar da abinci kamar awa 6 zuwa 8 kafin a shiga. Yawanci allura ake yi a gadon baya, ƙasan jiki ya mutu, ita kuwa idonta biyu, tana jin kukan ɗanta na farko. Aikin duka bai cika kai awa guda ba.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne jego, domin a nan ne umarnin likita da na gwaggo suke karo. Likita yana so mai jego ta tashi ta ɗan taka cikin kwana guda, don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Yana so ɗinkin ya zauna a bushe, kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Gwaggo kuwa ta riga ta ɗora tukunya, ta tanadi ganyen darbejiya da za a tsoma a tafasasshen ruwa a fyaɗa a jiki safe da yamma, ga kunun kanwa yana jira. Ba ƙiyayya ce ta sa ta ba, da haka aka yi mata nata jegon. Sai dai cikin da aka ɗinke bai dace da fyaɗi ko daddannawa ba. Kanwa kuma, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, a tsane wurin da tsumma mai tsabta.

Ban ce a yi watsi da al'adar baki ɗaya ba. Kwana arba'in ɗin da kakanninmu suka ware ya yi daidai da mako 6 da likitoci ke cewa jiki na bukata, kuma zuwa wanka gidan iyaye hutu ne na gaske ga wadda ba ta iya sunkuyawa. Taron suna ne nake ganin ya kamata a rage, domin a rana ta bakwai kwana uku ko huɗu kacal ke nan da sallamo ta, ba ta da ƙarfin zaman gaisawa da 'yan barka tun hantsi har magariba.

Duk wadda ta ji zazzaɓi, ko ta ga ɗinkin yana ruwa ko mugunya, ko jini ya tsinke, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, asibiti za a kai ta a ranar, ba a jira a ga kwanan gobe. Likitoci kuma suna ba da shawarar a samu tazarar aƙalla wata 18 kafin haihuwa ta gaba, kuma ita ma a asibiti za a yi ta, ko da an ce tana iya gwada naƙuda.