Baƙin hayaƙi da ruwan girgije

Malam manomi, yau da dare ka gwada wani abu. Ka riƙe cokali bisa harshen fitila har ya yi baƙi. Bari ya huce, ka ɗiga masa ruwa. Ruwan ba zai jiƙa shi ba, sai ya dunƙule ya gangara. Baƙin nan shi ne kunkunniya, irin wadda ke cikin hayaƙin kara da na daji. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ruwan girgije daga ina? Rana ce ke ɗaga shi daga teku, ya zama tururi. Iskar damina ta kawo shi daga kudu maso yamma. In ya hau sama ya yi sanyi, sai ya nemi komawa ruwa. Amma tururi ba ya zama ɗigo sai ya samu abin da zai kama, kamar yadda raɓa ke kama ganye. A sama abin kamawar shi ne ƙwayar ƙura, ko gishirin teku, ko hayaƙi. Wani Bature ɗan Sikotlan, John Aitken, ya nuna haka a 1880: ya tace iska cikin kwalba, ya sa mata tururi, hazo bai fito ba. Da ya sa iska mai ƙura, nan take ya fito. Ni kaina da aka koya mana wannan a lise a Damagaram ban yarda ba sai daga baya.

To, kunkunniya fa? Sabuwa ba ta son ruwa, ka gani a cokali. Amma in ta yi kwana ɗaya ko biyu tana yawo a sama, sai ta gauraya da wasu abubuwa masu tsami da gishiri, su rufe ta kamar yadda sukari ke rufe gyaɗa. Daga nan sai ta zama mai jan ruwa, tururi ya taru a kanta.

Za ka ce ashe hayaƙi alheri ne. A'a, yi haƙuri. Ɗigon girgije ƙanƙane ne ƙwarai, sai wajen miliyan 1 sun haɗu kafin su yi ɗigon ruwan sama guda. In ƙwayoyin kamawa kaɗan ne, kowace ta samu rabo babba, ta yi nauyi, ta ci karo da ƴar'uwarta, su faɗo. In hayaƙi ya cika sama, tururin ya rarrabu ga ƙwayoyi barkatai. Tiya guda ta hatsi ga mutum 5 abinci ce, ga mutum 500 kowa sai ya lashi hannu. Girgije ya haɗu, ɗigo bai yi nauyi ba, iska ta tafi da shi. Tauraron ɗan Adam ya ga haka a 1998 bisa gobarar dajin Indunusiya. Ban da wannan, baƙi na shan rana: yana ɗumama iskar sama har girgije ya watse.

Samanmu ma an auna shi. A farkon 2006 jirgin masu bincike na Ingila ya riƙa tashi daga Yamai. Ya tarar da ƙurar hunturu a ƙasa-ƙasa, hayaƙin gobarar daji daga kudu yana bisanta. Fari na 1973 da na 1984 kuwa, masana sun ce hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu ciki: ya sanyaya tekun arewa, damina ta ja baya zuwa kudu.

Kada ka ce wutar maƙwabcinka ce ta hana ruwa a Matamaye ko Kance. Wuta ɗaya ba ta kai nan ba, kuma hayaƙi kwanaki kaɗan yake yi a sama. Asarar da ka tabbata da ita tana ƙasa. Karan da ka ƙona wajen sharar gona, da ka bar shi kwance, da ya tare rairayi, gara ta mai da shi taki. Wutar kuma tana kashe ƴan gawon da ke tsirowa, waɗanda manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka yi suna wajen renonsu. Bana, in ka share, ka ware ƙaya don shinge, kara kuma ka shimfiɗa shi inda ƙasa ta yi feƙo.