Wasan cikin jirgi da wasan bakin rijiya

A wannan karo filinmu zai yi magana bisa wata al'ada wadda kowa ya tashi ya tarar, amma ba kowa ya tsaya ya auna nauyinta ba, watau barkwancin da ke gudana tsakanin abokan tafiya bisa abinci, da abin sha, da gaisuwa. Za mu ɗauko misali daga ma'abota jirgin ruwa na gabashin ƙasarmu, sa'an nan mu dawo da zancen bakin rijiyoyin Kelle, cikin gundumar Gure, jihar Damagaram.

Wani zai ce, ina ruwan Kelle da jirgi? Gaskiya ne, Kelle tana cikin duwatsun Kutus, arewa da Gure, ƙasar gero da raƙuma da awaki, inda ruwa sai na rijiya da na tabkunan damina masu ƙafewa da wuri. Amma Dagirawan Kutus reshe ne na Barebari, ƴan'uwan Mangawa da Mobar na bakin Komadugu. Kuma tun da aka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa Gigimi cikin shekarun 1970, da taimakon ƙasar Kanada, tafiya gabas ta yi sauƙi ga masu cin rani da fatake. Saboda haka labarin tabki ba baƙo ba ne ga mutanen wannan yanki, ko da yawancinsu sun fi sanin kifi bayan ya zama banda.

Tabkin da ya tara kowa

A farkon shekarun 1960 faɗin Tabkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, Gigimi kuwa gari ne na bakin ruwa. Ran 22 ga watan Mayu 1964 Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da tabkin domin su yi tarayya cikin amfaninsa. Sai farin 1973 da na 1984 suka zo, ruwa ya janye, har tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ɓangaren ƙasarmu ma ya sha bushewa ƙaf. Daga baya ruwa ya riƙa dawowa a shekarun da damina ta yi kyau, yana cika kwari, yana barin fadama mai albarka idan ya koma.

Wannan kai da komo na ruwa shi ya tara mutane iri-iri wuri guda. Ga Buduma, ƴan asalin tsibirai, masu shanun Kuri masu kaurin ƙaho, waɗanda tun da can suke ɗaura jirginsu na ciyawar ruwa da suke kira kadai. Ga Barebari, ga Hausawa, ga Zabarmawa, ga Fulani da garkunansu, har da masunta daga ƙasar Mali, waɗanda gurarsu ta kama kifi ta bazu cikin tabkin da sunan gurar Mali. Harshe daban, abinci daban, amma jirgi ɗaya, tukunya ɗaya.

Tukunya ɗaya cikin jirgi

Wanda bai taɓa kwana bisa ruwa ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa masunta suka fi kowa ba'a. Jirgi wuri ne ƙuntatacce. Manomi in ya yi fushi da ɗan'uwansa sai ya saɓa hauyarsa ya koma wata kunya, makiyayi ya kaɗa dabbobinsa ya yi gaba. Mai jirgi fa, ina za shi? In mutum biyu suka tashi tsaye da niyyar kokawa, jirgin ne zai kife da mai laifi da marar laifi baki ɗaya. Don haka dole a sami hanyar faɗin gaskiya wadda ba ta kai ga hannu, hanyar kuwa ita ce wasa.

Mu ɗauki misali. An zuba tuwo da romon tarwaɗa, akwai wani cikin ƙungiya wanda tun safe filafilinsa bai jiƙe sosai ba, amma ga shi ya riga kowa wanke hannu. Ba wanda zai ce masa rago. Sai dai wani ya dubi tukunya ya ce: “Ku matsa wa gwani wuri, ga aikin da ya iya ya zo.” Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, ya rama da cewa ai ƙarfinsa yake tarawa domin jan taru na yamma. An ci an ƙoshi, magana kuwa ta isa inda aka aike ta, da yamma za ka gan shi ya riga kowa kama igiya. Haka ake yi wa mai ɓoye sukari cikin aljihu, da mai barci lokacin duba mamari, da mai zaɓen kan giwan ruwa ya bar wa yara ƙaya. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Shayi ma yana da nasa fage. Tsiyaya uku ake yi, ta fari mai ɗaci, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku mai zaƙi, kuma babba ake fara miƙa wa. Mai dafawa shi ne abin ba'ar kowa: in ya cika sukari a ce yana neman ya talauta mai jirgi, in ya rage a ce ya gaji rowa. Wanda ya iso a makare, ya tarar da ta uku, sai a yi masa barka da samun rabon yara. Duk da haka ba a taɓa hana shi kofi, domin ba'a tana tafiya tare da kyauta ne, wanda ka yi wa dariya shi kake miƙa wa ƙwarya.

Masunci da mahauci, Babarbare da Bafillace

Bayan wannan wasa na yau da kullum akwai wanda aka gada, abin da takardun hukuma ke kira da Faransanci «parenté à plaisanterie», mu kuwa muke cewa wasan taubasai ko abokan wasa. Yana tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, yana tsakanin jika da kaka, yana tsakanin ƙabila da ƙabila, kamar Barebari da Fulani, ko Gobirawa da Zabarmawa, ko Zabarmawa da Buzaye. Yana kuma tsakanin sana'a da sana'a, kuma a ƙasar Hausa abokin wasan masunci shi ne mahauci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tukunyar uwargida ɗaya suke takara a kai. Ran kasuwa, in mai banda ya shimfiɗa kayansa kusa da rumfar fawa, sai mahauci ya toshe hanci ya ce: “Wa ya kawo mana ƙarni? Ashe bawana ne ya fito daga ruwa!” Masunci ya amsa: “Sannu, uban ƙudaje. Naman nan naka, tsohuwar saniyar ta yi sallama da jikokinta kuwa?” Jama'a na dariya, ciniki na tafiya. In rana ta yi sanyi, sau da yawa za ka ga wannan ya aika wa wancan da tsire, wancan ya rama da busasshiyar karfasa, kowa na cewa sadaka ya ba yaronsa.

Tsakanin Babarbare da Bafillace kuwa, rigimar ita ce wane ne ubangijin wani, kuma har gobe ba a yanke hukunci ba. Babarbare zai ce Bafillace na da shanu ɗari amma yana kwana da yunwa, don kunyar ci gaban mutane da tsoron taɓa garke. Bafillace zai ce in ban da nononsa da man shanunsa, da burabuskon Babarbare ya shaƙe shi tun tuni. Mai lura zai ga gaskiya kwance cikin wannan zance: ɗaya na da hatsi, ɗaya na da nono, fura kuwa ba ta yiwuwa sai an haɗa su.

Gaisuwa da fatan alheri

Ba'a ba ta fara ba sai an gaisa, kuma ba a rabuwa a kanta. Mutanen ruwa suna da dogon zaren gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya iska, yaya sauro, yaya mutanen tudu? Bahaushe ya koyi cewa “Wushe” da “Lale”, Babarbare ya amsa masa da “Lafiya lau”, Bafillace ya ce “Jam”, kowa na karya harshen ɗan'uwansa, wannan ma wani abin dariya ne. In jirgi zai tashi, na bakin gaɓa su ce: “Allah ya ba da sa'a, Allah ya fisshe ku dorina da guguwa, a dawo lafiya.” Abokin wasa zai ƙara da cewa: “Ka dawo fa, kada ka nutse da bashina.” Mai ji daga nesa zai ɗauka mugun baki ne, alhali ma'anarsa ita ce ina jiranka.

Wasan yana da dokoki, kuma su ne suka raba shi da cin mutunci. Abokin wasa ba ya riƙe abokinsa a zuci, ba ya kai ƙararsa don magana, ba ya zub da jininsa. In ya zo baƙunta, a ba shi masauki da abinci. In rigima ta tashi tsakanin dangi, shi ke da bakin shiga tsakani ya faɗa wa babba gaskiyar da ƙanensa ba zai iya faɗa masa ba. A watan farko na shekarar Musulunci, watan cika-ciki, ake karɓar kuɗin shara tsakanin taubasai, ko da dala biyar ce, domin a sabunta zumunci. Saboda darajar wannan gado ne gomnati ta keɓe masa mako guda na ƙasa a shekarar 2007, daga baya aka mai da shi wata guda, kuma a watan Nuwamba 2014 hukumar UNESCO ta rubuta shi da sunan Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Ranar da wasa ya yanke

Ran 6 ga watan Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci cikin jihar. Ran 25 ga watan Afrilu suka auka wa tsibirin Karamga, inda sojoji da farar hula da yawa suka rasa rayukansu. Bayan wannan hari hukuma ta umarci mutanen tsibirai su fito, dubban jama'a suka nufo Gigimi da Boso, da yawansu a ƙasa, sun bar jirage da komaye da dabbobi. Aka hana su da fataucin kifi da na tattasai, domin a toshe wa ƴan ta'adda hanyar samun kuɗi, sai a shekarar 2019 aka ɗage hanin kamun kifi.

An yi lissafin hasarar dukiya da ta rayuka, amma akwai wata hasara da ba ta shiga takarda. Mutanen da suka shekara suna cin tuwo cikin ƙwarya ɗaya sun watse, wasu sansanin ƴan gudun hijira, wasu garuruwan bakin hanya. Zato ya shiga tsakanin maƙwabta, aka riƙa yi wa ƙabila sukutum kallon laifin ƴan tsiraru daga cikinta, har a shekarar 2016 aka zub da jini tsakanin makiyaya a bakin tabkin. Inda tsoro ya sauka, ba'a ita ke fara tashi, domin ba ka yi wa mutum wasa sai ka amince da shi. In kuwa wasa ya tashi, ƙaramar magana ba ta da sauran mafita sai faɗa.

Darasi ga bakin rijiya

A nan ne zancen ya dawo Kelle. Rijiya cikin bazara ƴar'uwar jirgi ce: wuri ɗaya, ruwa kaɗan, mutane da yawa, kuma ba mai iya cewa ya yi fushi ya tafi, tun da dabba ba ta san fushi ba, ƙishirwa ta sani. Manomi Badagire da makiyayi Bafillace, da Buzu, da Batube, duk guga ɗaya ke haɗa su. Haka kuma da kaka, lokacin da garke ke saukowa daga arewa alhali wani bai gama kwashe amfanin gonarsa ba. Dokar ƙasa ta tanadi hanyar shari'a, tun daga ƙa'idojin tsarin karkara na ran 2 ga watan Maris 1993 da kwamitocin kula da filaye da suka biyo baya. Amma kafin magana ta kai gaban mai gari ko sarki ko kwamiti, sau nawa abokin wasa ya kashe ta da kalma ɗaya da ƙwaryar fura?

Saboda haka muna kira ga malaman yaƙi da jahilci da na lakwal, su sa ɗalibansu su tambayi tsofaffi su wane ne abokan wasan gidansu, da na sana'arsu, da asalin abin, su rubuta shi da hannunsu, domin yaran da suka tashi cikin birni da yawa sun san zagin amma ba su san haƙƙin da ke bayansa ba. Muna kira ga ma'aikatan hukuma da aka kai aiki nesa da garinsu, su nemi abokan wasansu tun ranar da suka sauka, za su ga ƙofofi sun buɗe waɗanda takarda mai hatimi ba ta buɗewa. Muna kuma tuna wa samari cewa wasa yana da iyaka: ba a yin sa da wanda ba a gada da shi ba sai da yardarsa, ba a yin sa don a kunyata matalauci, kuma wanda ya iya ba'a wajibi ne ya iya kyauta.

Magabata sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Allah ya mai da masunta bisa ruwansu lafiya, ya cika rijiyoyin Kutus, ya ba mu damina mai albarka, ya bar mu da abokan wasanmu, ko da sun cinye mana tuwo.